Ƙurar hunturu da ƙaramar bindiga

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar bindiga da takardar izini. Kullum ina zuba mata mai, amma da hunturu ya kama sai ta riƙa cijewa. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Tahoua.

Amsa: Alhaji, man ne ya yi yawa, shi ke kama ƙura ta zama kamar laka. Fara cire gidan harsashi, sannan ka ja saman bindigar baya, ka duba da ido, domin harsashi ɗaya kan maƙale a ciki. Goge bututun da tsumma daga baya zuwa baki. Ɗigon mai biyu ko uku inda ƙarfe ke gogar ƙarfe sun wadatar. Gidan harsashi kuwa a bushe ake barinsa, don mai na iya kashe harsashi.