Amsar Kaka Kan Motar Gado

Jikana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin damuwa ta biyo baya. Kana tambaya ko al'ada ta yarda ka cire kujerun tsohuwar bas ɗin da mahaifinka ya bari, ka mayar da ita ɗakin karatu mai yawo, domin wasu sun ce maka yin haka cin mutuncin gado ne. Ban san wanda ya koya muku cewa aikin mota ɗaya ne tak ba.

Motar da ta fara tsaya mini a rai ba fasinja ta ɗauko ba, majigi ta kawo. Ina ɗan shekara tara ta iso da la'asar, ƙura ta rufe ta, kuma duhu na yi aka ɗaure farin ƙyalle, aka tayar da janareta, tafinta ya kama lasifika yana bayyana mana yadda sauro yake kawo zazzaɓi. Jama'a sun yi tsit, ƙwari suna shawagi a cikin hasken, ni kuwa na rarrafa ƙarƙashin motar ina neman inda aka ɓoye mutanen da ke motsi a ƙyallen. Direba ya jawo ni ta ƙafa, maimakon ya mare ni sai ya nuna mini naɗin fim ɗin, hoto bayan hoto. Da na ba mahaifina labari, cewa ya yi inji bai san sunan aikinsa ba, mai shi ne ya sani.

Sai da na girma na gane zurfin maganar. Manoman Amurka sukan ɗaga tayar baya ta motar Ford Model T, su ɗaura mata bel ta juya zarto ko famfon ruwa. A watan Satumba na 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, motocin tasi na birnin Faris kimanin 600 suka kai sojojin Faransa bakin daga, kuma a wannan yaƙin ne masaniyar kimiyya Marie Curie ta sa na'urar hoton ƙashi a cikin motoci domin a duba masu rauni kusa da fagen fama.

Ku kuwa, mota ta tsufa sai ku yasar da ita tsatsa ta cinye, sannan ku kira hakan girmama mamaci. Ka fara shawartar 'yan'uwanka, tun da ba kai kaɗai ka gada ba. Ka kuma kai ta wurin makanike, domin littattafai suna da nauyi ƙwarai, birkinta kuwa tun mahaifinka yana raye yake kuka da shi.