Tambaya da Amsa: Wace safar hannu ta dace da doguwar tafiya a moto?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan Garin Malam ne nan Damagaram, kusan kowane sati ina hawa moto zuwa Tanout sayen kaya, wani lokacin har Maradi. Matsalata hannu ne. Da hunturu in na fita bayan asuba kafin in yi nisa yatsuna sun ƙage ko burki ba na iya kamawa da kyau, na sayi safar hannu ta ulu a kasuwar Dole amma iska na ratsa ta kamar ban sa komai ba, da bazara kuma gumi ke sa ni cire ta. Wace iri zan saya wadda za ta yi mani duk shekara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya tsare hanya. Gaskiyar magana guda ɗaya ba za ta yi maka duk shekara ba, don garin nan namu da Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, da Janairu kuma da sassafe sanyi na sauka ƙasa da 15, kuma wannan fa kana tsaye ne, in ka hau gudron kana gudu iskar da ke dukan bayan hannunka ta fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Tanout wajen kilomita 150 ne, Maradi kusan 240, awanni ne hannu na riƙe da ƙarfe.

Amma kafin maganar sanyi da zafi bari in fara da abin da ya fi damuna. In mutum ya faɗi a moto hannu ne ke fara taɓa ƙasa, ba ka ma san ka miƙa shi ba. Ni kaina ya faru da ni shekarun baya kusa da Takieta, rairayi ya hau kan gudron tayar gaba ta zame, ba wani gudu nake ba amma fatar tafin hannuna ta dama ta saluɓe, tsakuwa ta shiga ciki sai da aka yi ta tsinta ɗaya bayan ɗaya a likita, na yi sati uku ko tuwo da cokali nake ci. Ta ulun nan da ka saya da ita zan sa ranar da ba abin da za ta tare, tana taɓa gudron take yagewa, ga ta da santsi a hannun ba da wuta.

To ka fara da ta fata. In ka samu fatar akuya ita ce ta fi, ba ta da kauri amma tana da ƙarfi da laushi, kana jin burki da ambiriyaj a yatsunka sosai, mu da ke maƙwabtaka da jar akuyar Maradi ai ba sai an gaya mana darajar wannan fatar ba. Ka duba tafin a ce ninki biyu ne musamman ta wajen gindin hannu, bayan yatsu da ɗan abu mai tauri, sannan abin da mutane da yawa ke mantawa, maɗaurin wuyan hannu. Ka sa ta ka ɗaure ka ce mai shago ya ja ta daga yatsu, in ta fita to ranar faɗuwa ma haka za ta fita ta bar ka, ajiye masa kayansa. A cikin gwanjo wani lokacin ana dacewa da na Turai, leƙa ciki in ka ga tambarin CE, wato alamar cika ƙa'idar Turai, da ɗan hoton mutum a kan moto da lamba EN 13594 to an gwada ta don hawa moto ne, mataki na 2 ya fi na 1 kariya. Sai dai ka ja ɗinkin ka gani ko zaren ya ruɓe.

Ta bazara ka nemi mai ƙananan huji a bayan hannu ko mai raga-raga, tafin dai ya zama fata, kuma in da hali mai haske don baƙa na shan rana. Masu yankakkun yatsun nan da samari 'yan kabu-kabu ke so ban ba ka shawara ba, yatsun da suka fi buƙatar rufi su aka bari waje. Kuma kar gumi ya sa ka cire, hannu mai gumi a kan roba ya fi zamewa.

Hunturu kuwa iska ce abokiyar gabarka, ba kauri ake nema ba, abin da iska ba ta ratsawa ake nema. Fata marar huji mai dogon wuya da zai hau kan hannun rigarka ya toshe inda iska ke shiga, a ciki ka sa siririyar safa ta auduga, ko ta ulunka ma in ba ta cika kauri ba. Don haka ka je da ta cikin ranar da za ka saya ka gwada su tare, in ta matse jini ba ya gudana yatsu sun fi saurin sandarewa, in ta yi yawa kuma bakin yatsa na maƙalewa a burki. Ka riƙe kan moto da ita ka matse burki sau da yawa, bakin yatsa ya rage ɗan fili kaɗan kawai. In rana ta ɗaga wajen ƙarfe goma sai ka cire ta cikin ka sa aljihu. Kuma in yatsu sun daina ji ka tsaya don Allah, ka sha shayi ka sa hannu a hammata har su dawo, kar ka ɗora su kan salansa mai zafi don hannun da ya mutu da sanyi ba ya jin ƙuna sai ya riga ya ƙone.

Damina ba ta da tsawo a wajenmu, Yuli da Agusta ne ruwan ya fi, ba sai ka kashe kuɗi kan masu Gore-Tex, wato yadin da ruwa ba ya ratsawa, ba. Babbar safar roba irin ta masu aiki ka ɗora a kan ta fatar in hadari ya taso, ka tura wuyanta ƙarƙashin hannun rigar ruwa don ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa kar ya zuba ciki. In fatar ta jiƙe kar ka shanya ta a rana ko bakin murhu, za ta ƙandare ta tsattsage, ka cusa mata takarda a ciki ka bar ta a inuwa, in ta bushe ka shafa mata ɗan man kaɗanya a baya, banda tafin don kar ya yi santsi.

In kuɗinka na guda ɗaya ne yanzu, sayi ta fata marar huji mai maɗauri da ɗan fili a ciki, mai hujin ka bari sai watan Maris in zafi ya fara.