Batir a Ƙarƙashin Gado? Hajiya, Ki Ba Alhaji Haƙuri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwar gida ce a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina sana'ar ƙanƙara da ruwan folere (zoɓo) a cikin gida. Ɗana da ke aiki a Duwala ya turo kuɗi aka saya mana farantan sola da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) da manyan batura biyu irin masu ruwan nan, don kada firiza ta riƙa tsayawa in an ɗauke wuta. Yanzu gardama ta kaure. Maigida ya ce a tura su ƙarƙashin gadonmu saboda ɓarayi. Ƙanena ya ce zaure ya fi iska. Yaron da zai haɗa mana kuma ya ce a sa su a ɗan siton bayan gida mai rufin kwano, inda maigida yake shigar da babur. Kaina ya ɗaure. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ba shi masu yi masa. Amma su ukun nan babu wanda zan ce ki bi, sai dai ki lallaɓa Alhaji kafin ki karanta masa abin da ke tafe.

Batirin ruwa dalma ce a ciki da ruwan asid. Idan yana caji, musamman in ya kusa cika, ki kara kunne za ki ji yana ɓul-ɓul kamar tukunyar da ta fara tafasa. Ruwan ne yake rabewa ya zama iska iri biyu, ɗayarsu haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita. Ba ta da nauyi, sama take yi. A ƙarƙashin gado kuwa me za ta tarar a sama? Katifar soso, ta zame mata murfi. Kada ki ce ai da rana kaɗai yake caji: in wuta ta dawo ƙarfe biyu na dare, inbata za ta kama cajinsa kuna barci, ƙofa a kulle, maganin sauro yana ci a gefe. Ban ma ambaci kaskon turaren wuta ba, don na san ɗakin uwar gida a Marwa ba ya rasa shi.

Na ga irin wannan da idona a nan Garwa. Wani bawan Allah ya buɗe murfin batirinsa da magariba zai duba ruwa, tocila ta ƙi kamawa, sai ya ƙyasta laita ya leƙa. Maƙwabta sun ɗauka taya ce ta fashe. Saman batirin ya tsage, asid ya fallatsar masa a fuska da riga. Abin da ya cece shi, matarsa ta yi ta kwarara masa ruwan randa a ido ba ƙaƙƙautawa har aka samo mai babur zuwa asibiti. Idon ya tsira, rigar kuwa kashegari ta koma rariya.

Akwai kuma kwanukanki. Ƙarƙashin gado ma'ajiyar faranti ce da tire da murafan tukwane. Tire ɗaya ya zame ya haɗa kawunan batir biyu, wutar da za ta bi ta cikinsa ta isa ta narkar da cokali. Sannan babban batir mai amfiya-awa 200 irin naki nauyinsa ya kai wajen kilo 60. Wa zai riƙa jawo shi duk wata don duba ruwa? Babu. Za a manta da shi har ruwan ya ƙafe, dalmar ta fito fili, a ce an sayar muku da jabu. Maganar ɓarayi gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma maganinta yana wurin mai walda: keji na rodi da kwaɗo mai kyau, a kafa shi a siminti.

Ƙanenki ya yi rabin gaskiya, zaure akwai iska. Sai dai a yawancin gidajenmu zaure shi ne ƙofa ɗaya tilo, tagogi kuma duk an dasa musu ƙarfe. In wuta ta tashi a can cikin dare, ta ina iyali za su fita? Ga yara masu wasa, ga baƙi, ga mai dafa shayi da gawayinsa. A bar zaure.

Shawarar yaron mai haɗawa ce ta fi ɓata mini rai, don shi ya kamata ya sani. Masu ƙera batir suna auna ƙarfinsa da tsawon ransa ne a zafin digiri 25 ko ƙasa da haka kaɗan. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba ran batirin dalma gida biyu. Wanda zai yi shekara biyar, in a digiri 35 yake zaune, ki sa masa ran biyu da rabi. Ke kin san Marwa a watan Maris da Afrilu, inuwa kanta tana wuce digiri 40, ballantana ɗakin kwano marar silin da ƙofarsa ke rufe. Kuma a daidai wannan lokacin ne ruwa ke ja baya a madatsar Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982, take ba Arewacin Kamaru wuta, kuma a lokacin ne aka fi neman ƙanƙararki. Wato sa'ar da batir ya fi shan aiki, a sa'ar ne kwano yake gasa shi. Ga babur a gefe, kuma na yi imani ba a rasa kwalbar zuwa-zuwa (fetur ɗin bakin hanya) ko galan a lungu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske inda ake tartsatsi. Tukunyar gas ma haka take, kada ta kwana ɗaki ɗaya da batir.

Ga yadda nake yi in na shiga gidan da ban sani ba. Ba na tambayar maigida, uwar gida nake tambaya: ina kike girke randa? Mata sun san inda ya fi sanyi a gidansu fiye da kowane injiniya. Gobe da ƙarfe uku na rana ki zaga gidan kina dafa bango da tafin hannu. Bangon yamma za ki ji shi kamar tanda, ki wuce shi. Ki nemi ɓangaren gabas ko arewa, ɗan ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko ƙuryar baranda da ruwan sama ba ya feshe ta, in da darbejiya tana yi mata inuwa to madalla. Sharaɗi biyu ne ba na sassautawa: ba a kwana a wurin, kuma ba ya tsakanin masu barci da ƙofar fita.

In ɗaki ne, a huda masa kafa biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa don iska ta shiga, ɗaya can dab da rufi don haidirojin ta fice. A sa musu raga, saboda ɓera yana son bawon waya, tsaka da ƙadangare kuma suna son ɗumin inbata. Na sha ciro gasasshiyar tsaka daga ciki. A ɗora baturan a kan dandamalin siminti ko bencin ƙarfe mai fenti, tsayin bulo biyu. Katako gara za ta ci. Wanda ya san yadda kogin Mayo Kaliyawo na cikin Marwa ke tashi daga yashi zalla ya cika taf a watan Agusta ba zai ajiye batir a daɓe ba. A bar ratar yatsu biyu tsakanin batir da batir, taƙi ɗaya tsakaninsu da bango.

Ki sa ido a kan abu uku ranar haɗawa. Kada ya rataye inbata daidai saman baturan, tururin asid zai cinye kayan cikinta. A gefe za ta zauna. Kada kuma ya nesanta ta. Batura biyu a jere suna ba da bolt 24, in ana jan wat 1000 wutar da ke bin wayar ta haura amfiya 40, doguwar waya siririya sai ta yi zafi. In firiza tana nesa, wayar bolt 220 da ke fita daga inbata ita ake ja, ta batir kuwa gajera ce mai kauri. Na uku, fis a jikin wayar ja, dab da kan batir, kawunan kuma a rufe su da roba. In ya ce ba sai an sa fis ba, ki sallame shi da kuɗin babur.

Sauran naki ne: duk wata a duba ruwa da tocila, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya ko na famfo. In hunturu ya shigo a riƙa share ƙurar samansu, don ƙurar da ta jiƙe da asid tana ba wutar batir hanyar zurarewa. Bokitin yashi ya zauna a bakin ƙofa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Njamena, ina haya ciki da falo. Na sayi batirin litiyom na jikin bango. Mai shagon ya ce ba ya fitar da iska, ko a kan gado zan iya rataye shi. Haka ne?

AMSA: Ƙanena, bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa ba. In lafiyarsa ƙalau, litiyom ba ya fitar da haidirojin wajen caji. Fara duba takardar jikinsa: in ka ga LiFePO4 ko LFP, da bolt 12.8 ko 25.6 ko 51.2, ka samu irin da ya fi wuyar kama wuta. In babu rubutu, ka yi hattara, akwai waɗanda ake harhaɗawa daga tsofaffin baturan kwamfuta.

Amma ko mai kyan, ranar da ya lalace hayaƙin da yake fitarwa guba ne, wutarsa kuma tana mutuwa ta sake tashi. Mai barci ba ya jin wari da wuri. Don haka falo, nesa da ƙofa, a bangon bulo ba na falanki ba, ba bangon yamma ba, ba bayan labule ba, da ɗan ƙararrawar hayaƙi a silin. Yawancinsu an rubuta kada a yi caji sama da digiri 45 zuwa 55, akwai na'ura a ciki da ke yanke caji in zafi ya kai. Masu kirana a Afrilu suna cewa batir ya ƙi caji da tsakar rana, sau da yawa kansa yake karewa. Ka tambayi mai gidan inda ruwa ya tsaya a bango a ambaliyar 2022, lokacin da kogunan Shari da Logon suka shiga unguwanni, ka rataye shi sama da nan. In ruwa ya taɓa shanye shi, kada ka kunna ko ya bushe. Fitar da shi fili, nesa da ɗaki, ka kira mai gyara.

TAMBAYA: Daga Kuseri. Kakana ya ce siminti yana tsotse wutar batir. Gaskiya ne?

AMSA: A zamanin da ake yin akwatin batir da katako ko baƙar roba mai tsattsafo, danshin ƙasa yana iya jan wuta, don haka tsohon bai faɗi son ransa ba. Na yanzu jikinsu filastik ne, siminti ba ya tsotsar komai. Ka ɗaga shi dai saboda ruwa, kai da kake bakin Logon. Ka gaishe mini da Kaka.