Shin ya dace a zuba wa ƙudan zuma maganin kaji a ruwan sukari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da amya a kan itatuwan ɗorawa da tsamiya a gonarmu, wajen Daura. Bana ƙudan sun yi rauni, wasu ma sun tashi. Wani ya ba ni shawarar in jiƙa tetirasaikilin na kaji a ruwan sukari in ba su, wai yana ƙara musu ƙarfi. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka yi. Maganin nan aikinsa kashe bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma ba ya tantance mai cuta da mai amfani, alhali lafiyar ƙudan zuma ta dogara ƙwarai da bakteriyar da ke cikin hanjinsa.

Ƙudan da ya fito daga ramin saƙa yau, cikinsa kusan wayam yake. Cikin kwana huɗu zuwa shida na farko yake kwasar waɗannan ƙwayoyi daga 'yan'uwansa da suka girme shi, ta hanyar cuɗanya da su da lasar saƙa, har da ɗan kashin da ya taɓa. Kamar yadda mai nono ke ɗiga tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama, haka amya ke gadar wa 'ya'yanta. Kafin ya fara fita kiwo, hanjin ƙuda ɗaya kan ɗauki ƙwayoyi daga miliyan ɗari zuwa biliyan guda. Amma manyan jinsinsu ba su wuce goma ba, biyar daga ciki kuwa ana samunsu a ƙudan zuma kusan ko'ina a duniya.

Biyu daga cikinsu masana suka raɗa wa suna a 2013: Snodgrassella alvi da Gilliamella apicola. Ta farko tana shimfiɗuwa a bangon hanji, ta shanye iskar oksijin da ke wurin, sauran su sami yanayin da suke iya rayuwa, baƙuwar ƙwayar cuta kuma ta rasa wurin maƙalewa. Ta biyu tana zama a samanta, tana narka sinadarin fektin da ke jikin garin fure, wanda ƙudan ba ya iya narkarwa da kansa. Wasu nau'o'inta ma suna cinye wani irin sukari mai suna manos da ke zame wa ƙuda guba. Can ƙarshen hanji kuma akwai dangin Lactobacillus da Bifidobacterium masu tsimar da abin da ya rage, su fitar da sinadaran da jikin ƙudan ke sha. An gwada an ga ƙudan da aka raina ba tare da waɗannan ƙwayoyi ba, ba sa yin nauyi kamar 'yan'uwansu.

Shi kansa maganin da aka ba ka shawara an gwada shi. A 2017 Farfesa Nancy Moran da abokan aikinta a Jami'ar Texas da ke Austin, Amurka, sun ba ƙudan zuma tetirasaikilin na kwana biyar, suka mayar da su amya. Bakteriyar hanjinsu ta ragu sosai, sun fi waɗanda ba a ba su ba mutuwa, kuma wata ƙwayar cuta mai suna Serratia ta fi samun galaba a kansu. A Amurka, inda aka shafe shekaru tun wajen 1950 ana ba ƙuda irin wannan magani, bakteriyar hanjinsu ta riga ta koyi jure masa. Ga kuma ragowarsa da ke zama cikin zumar da za ka kai kasuwa, marasa lafiya da yara su sha. Wannan kaɗai ya isa hana mutum.

Akwai abin da ya fi damuna a ƙasarmu. A 2018 Farfesa Moran da abokan aikinta sun nuna cewa gilaifoset, maganin kashe ciyawa da ake fesawa a farkon damina, yana rage Snodgrassella a hanjin ƙuda, ya bar shi a buɗe ga cuta. Ba ya kashe ƙudan nan take yadda maganin ƙwarin wake ke yi, shi ya sa ba a zarginsa. Ka tambayi maƙwabtan gonarka abin da suka fesa da lokacin da suka fesa. Ka roƙe su, cikin mutunci, su riƙa feshi da yamma lis bayan ƙuda sun koma gida, kuma su guji fesa ciyawar da ke cikin fure.

Tashin da wasu suka yi kuwa ɗabi'ar ƙudanmu na Afirka ce idan yunwa ko ƙishi ko zafi ya matsa musu, ko tururuwa da tsutsar da ke cin kaki suka shiga. Ka sauko da amya ɗaya ka duba. Ka ajiye ruwa mai tsabta kusa, da 'yan tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse. Idan za ka ba da ruwan sukari lokacin ƙarancin fure, ka ba shi zallansa, ka kuma sani ba ya maye gurbin garin fure, wanda shi ne abincin 'ya'ya da na bakteriyar nan. Gawo da ke fure bayan damina, da ɗorawa da mangwaro da darbejiya da ke biyo baya a rani, su ne abin kiyayewa. Ran ɗibar zuma kuma kada a ƙone amya ko a kwashe saƙar 'ya'ya.

Idan ka ga tsutsotsin cikin saƙa sun narke suna wari, wannan wata cuta ce daban. Ka ware amyar, ka nemi malamin gona ko likitan dabbobi ya gani da idonsa kafin a ba da kowane magani.