Amsa ga mai tambaya kan ƙirƙirarriyar basira: abin da na gani a kan teburin aikina

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, inda ka ce kana ta jin ana cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta raba mutane da ayyukansu, wasu ma na cewa wata rana za ta gagare mu ta hallaka mu, kuma kana son sanin ko tsoratarwa ce kawai ko da gaske akwai abin damuwa, tunda 'yarka na gab da zaɓar abin da za ta karanta a jami'a. Na dakata ne sai da na samu sukuni, domin maganar ba ta amsuwa a layi biyu.

Sana'ata fassara da gyaran rubutu, shekara 16 ke nan ina ciki. Muna daga cikin waɗanda abin ya fara taɓawa, don haka daga nan zan faro.

Kafin kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambaya da yin rubutu, a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, takarda ake kawo mini in fassara daga farko har ƙarshe. Yanzu yawancin masu aiki sai su zuba wa na'ura, ta fitar musu cikin daƙiƙoƙi, sannan su turo mini su ce a ɗan duba kawai. Ladan ya ragu sosai, alhali dubawar ta gaskiya tana cin lokaci kusan kamar fassarar kanta. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya hana ni barci daban ne.

Akwai wani matashi da nake koya wa aiki, yaro mai hazaƙa da natsuwa. Wata rana aka kawo mana bayanin yadda ake amfani da wani magani, na'ura ta riga ta fassara, na ba shi ya duba. Ya karanta, ya ce komai lafiya. Da na ɗauka na ajiye asalin a gefe ina bi layi-layi kamar yadda na saba, sai na tarar da wata jimla inda asalin ya ce kada a ba mai juna biyu, amma a fassarar “kada” ɗin ta ɓace, ma'anar ta koma umurni a ba ta. Jimlar kuwa sumul, ba gargada, ba abin da zai sa ido ya tsaya. Na tambaye shi me ya sa bai gwama da asalin ba. Ya ce ya gwama shafukan farko bai ga kuskure ko ɗaya ba, sai ya saki jiki. Ban iya yi masa faɗa ba, domin ni ma na san na taɓa jin wannan kasalar tana shigata.

Tun daga ranar na gane inda hatsarin yake. Da a ce na'urar nan shirme take yi kullum, da babu mai yarda da ita. Tana yin daidai ne sau da yawa har idon mutum ya yi barci, sannan ta yi kuskure guda a wurin da ake rasa rai. Kuma yadda aka gina ta ne ya jawo haka: an ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Shi ya sa muryar da take faɗar gaskiya da ita, da ita take faɗar abin da babu shi. Mutum idan yana kame-kame za ka gani a fuskarsa, ita ba ta da fuskar da za ka duba. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'o'in da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ce ta ƙaga su, har da sunaye da lambobi. Lauyoyi ke nan, masu shekaru a bakin aiki.

To ka ɗauki wannan sakin jiki ka kai shi inda ake yanke hukunci a kan rayuwar jama'a. A ƙasar Holan hukumar haraji ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da zamba a tallafin renon yara, kuma cikin abubuwan da tsarin ke ɗauka a matsayin alamar zargi har da kasancewar mutum yana da takardar zama ɗan wata ƙasa. Aka zargi dubun-dubatar iyaye bisa zalunci, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ba su da shi, gidaje suka tarwatse, bashi ya binne mutane. Shekaru aka yi suna kuka ba mai saurare, domin duk ofishin da suka je, jami'in da ke zaune ya fi yarda da abin da allon gabansa ya nuna masa. Sai a watan Janairu na 2021 gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a kan lamarin. Kamfanin Amazon ma ya taɓa jingine wata manhajar tantance masu neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda ta koyi darasinta ne daga takardun shekarun baya waɗanda galibinsu na maza ne. Na'urar tana kwashe son zuciyar da ta tarar a cikin bayananmu, ta dawo mana da shi da rigar lissafi. Idan mutum ya zalunce ka, ka san wanda za ka kai ƙara. Idan aka ce maka na'ura ce ta ce, wa za ka kama?

Sai batun gani da ji. Mun taso ana cewa gani ya kori ji, yanzu ganin ma yana neman shaida. A farkon 2024 wani ma'aikacin kuɗi a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 ga 'yan damfara bayan wani taro ta bidiyo da ya yi da shugabansa da abokan aikinsa, ashe duk fuskokin da muryoyin na bogi ne. A watan Janairun shekarar kuma an yi ta kiran masu zaɓe a wata jihar Amurka da muryar jabu ta Joe Biden, shugaban ƙasar na lokacin, ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya gefen: duk wanda aka kama dumu-dumu a hoto ko murya yanzu ya samu mafaka, sai ya ce ai AI ce ta haɗa. Al'ummar da ba ta iya yarda da kowace shaida, ta yaya za ta hukunta mai laifi ko ta wanke marar laifi? Ni a gidana mun ajiye wata kalma da mu kaɗai muka sani, duk wanda ya kira da muryar ɗayanmu yana neman kuɗin gaggawa sai ya faɗe ta.

Game da aiki, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ƙiyasta a Janairun 2024 cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya abin zai shafe su, a ƙasashe masu arziki kuwa kusan kashi 60. Shafa ba ita ce kora ba, wasu ayyukan sauƙi za su samu. Amma ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. Ni da ƙananan ayyuka na koyi sana'a: gajerun wasiƙu, sanarwa, takardun da manya suka raina. Na yi kuskure, aka gyara mini, na sake yi, har kunnena ya iya jin jimlar da ba ta zauna ba. Waɗannan ƙananan ayyukan su ne na'ura ta fara cinyewa, kuma haka abin yake ga ƙananan lauyoyi da akantoci da masu rubuta manhaja. An cire matakan ƙasa na tsani, ana kuma son a samu mutane a sama. Mu da muka koya tun kafin zuwanta muna iya kama kuskurenta. Nan da shekara 20, idan babu wanda ya taɓa yin aikin da hannunsa, wa zai gane cewa “kada” ta ɓace?

Maganar hallaka ɗan'adam kuwa, ba na raina ta, saboda bakin da ta fito. Geoffrey Hinton, wanda bincikensa na cikin tubalan wannan fasaha, ya bar Google a 2023 domin ya samu 'yancin yin gargaɗi, kuma a 2024 ya samu lambar yabo ta Nobel. A watan Mayun 2023 shi da Yoshua Bengio, wani babban masanin fannin, da shugabannin manyan kamfanonin da ke ƙera abin, irin su Sam Altman da Demis Hassabis, sun sa hannu a wata sanarwa da ta jera hatsarin AI tare da annoba da yaƙin nukiliya. Wata biyu kafin nan an fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa ana roƙon a dakata da ƙera manyan na'urorin AI na wata 6, babu wanda ya dakata, kowa na tsoron a wuce shi. Wannan tseren shi ne ke ba ni tsoro. Tarayyar Turai ta yi dokarta kan AI, ta fara aiki a watan Agusta na 2024, amma doka da ƙafa take tafiya, kamfanonin kuma a guje suke. A ganina hanyar da za ta kai mu ga wannan hallaka ita ce wadda yaron nan ya bi: mu miƙa ƙaramin hukunci yau, babba gobe, har ranar da za mu so karɓa mu tarar ba mu san yadda ake yi ba.

Kada ka ɗauka ina cewa a guje wa AI. Kullum ina amfani da ita, kuma a fagen kimiyya ta yi abin a yaba, kamar manhajar AlphaFold da ta warware siffofin sinadaran furotin waɗanda da sai an shafe shekaru a kan guda ɗaya.

Dangane da 'yarka, Allah ya yi mata albarka, ka bar ta ta zaɓi fannin da zuciyarta ke so har za ta jure wahalarsa, ko likitanci ne ko shari'a ko injiniyanci ko koyarwa. Abin da zan roƙe ka ka sa wa ido shi ne yadda take karatun. Ta fara yin aikin da kanta, ta sha wuyarsa, sannan ta tambayi na'ura ta gwama, duk abin da na'urar ta ba ta kuma ta bi shi zuwa tushensa. Haka nake yi da yaron nan yanzu: kowace safiya sai ya fassara shafi biyu da biro da takarda kafin ya buɗe kwamfuta. Da farko ya ga kamar ɓata lokaci ne. A makon jiya shi ya kama wata lamba da na'ura ta juya a cikin wata yarjejeniya, ni na karanta wurin na wuce ban gani ba.