Yadda Ake Yi Wa Shago Kuɗi

Bello, ka tambaye ni yadda ake yi wa shagon POS da cajin waya kuɗi in mai shi ya sa shi kasuwa, tunda ga wani a Mabera, nan Sakkwato, yana neman miliyan ɗaya da rabi. Har ka fara lissafa mani kanta da firiza da janareta. Kowane wawa ya iya wanga lissafi, ka shiga Tsohuwar Kasuwa ka tambayi farashin na hannu, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Abin da mai saye ke zuba kuɗinsa dominsa shi ne ribar da shago ke ajiyewa a watan da babu komai, ba azumi, ba salla, ba hidimar zaɓe. A nan anka cuce ni, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

A watan Mayun 2023 ne, bayan ƙaramar salla. Wani saurayi ya zo da ladabi kamar ya kwanta ƙasa, Baba kaza, Baba kaza, wai zai koma karatu, yana son in nema masa mai sayen shagonsa can wajen Runjin Sambo. Ya miƙo littafin ciniki mai bangon kwali, rubutu tsaf da jan biro da shuɗi, ga takardar banki ya haɗo. Na duba, lissafi ya hau. Wata uku ne a ciki: Fabrairu, Maris, Afrilu. Na ce ina na baya? Ya rantse da Allah cewa ruwa ya ci tsohon littafin da damina. Mutum ya kama sunan Allah, me za ka ce masa?

To kai ma ka san waɗanne watanni ne waɗannan. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a gari, mutane na kwana a layin banki. Cirar 5,000 da ake yi a naira 100, sai ga masu POS na yankar 1,000 ko fiye a kan 10,000, kuma ana roƙonsu. Kotun Ƙoli ta ce a ranar 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma kafin su wadata an ɗauki lokaci. Kafin wannan kasuwa ta lafa azumi ya kama cikin tsakiyar zafin Sakkwato, firiza na ta fitar da ƙanƙara da ruwan leda kowace la'asar. Yaron ya tsamo wata ukun da shagon bai taɓa ganin irinsu ba tun da anka buɗe shi, ya ɗura masa su yadda ake ɗura wa rago kanwa da ruwa kafin a kai shi Kara.

Mai sayen kuwa maƙwabcina ne, tsohon malamin firamare da ya sha jiran giratutinsa. Da bakina na ce masa ya saya. An yi ciniki miliyan biyu, an sallama, an yi shaidu, na karɓi la'adata.

Ba a rufa wata ba asiri ya fara tonuwa. Ashe tsabar da yaron ke juyawa lokacin wahala daga hannun wansa take fitowa, mai sayar da mai a wani gidan mai, kuma wannan hanya ba ta bin shago. Injin POS ɗin da sunan yaron da BVN ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta banki, yake, sai da malam ya sake neman nasa. Rasit ɗin hayar shekara biyu da ya nuna, da hannunsa ya rubuta abinsa. Mai gidan ya zo ya ce saura wata huɗu, kuma zai ƙara kuɗi. Cire tallafin mai na 29 ga Mayu, da lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 har janareta ya gagari kunnawa, wannan daga Allah ne, ban ɗora masa ba. Sauran duk da gangan ya shirya. Munka bi sawunsa, wai ya yi Abuja, iyayensa sunka ce ba su san zancen ba. Na mayar wa malam la'ada, na ƙara da 300,000 daga aljihuna don in iya haɗa sahu da shi a masallaci. Kuɗin ba su dame ni kamar yadda anka riƙa zancen a majalisa ba, ni da na fara dillanci tun ba a haifi yaron ba.

Ku yaran yanzu waya ta kashe maku ido. A turo maku hoton alat, ku ce kun ga ciniki. Littafin shekara cikakkiya za ka nema, in babu, ka ce albarka ka tashi. Sannan ka ɗauki benci ka zauna gefen shagon ba tare da mai shi ya san ranar zuwanka ba, safe da yamma, tsakiyar wata lokacin da albashi ya ƙare, ka ƙirga masu shiga da idonka. Ka cire haya da mai da kuɗin yaron shago da abin da kamfanin injin ke yanka, abin da ya rage shi ne riba. Ni a wurina shagon haya ba ya wuce ribar wata goma sha biyu, sai kuɗin kayan a farashin na hannu. In bakin titi ne mai ci, kuma hayar na da tsawo, in kai goma sha takwas. In ka lura mutane don fara'ar mai shagon suke zuwa, ka rage sulusi, don ranar da ya tashi za su bi shi.

Kuma kada naira ɗaya ta kafin alƙalami ta fita sai ka zauna da mai gidan kansa, ba wakilinsa ba, ya faɗa gaban shaidu watannin da sunka rage da kuma ko ya yarda wani ya gaji wurin.