Gidan da ya karkace bai faɗi ba

Ka nuna min hoton Little Moreton Hall a wayarka, kana tambaya ko kafintocin da suka gina shi ba su san aiki ba ne, tunda ya karkace haka, kuma me ya hana a miƙar da shi. To, zauna, ɗana, ka ji.

Gidan yana yankin Cheshire a Ingila, kusa da garin Congleton, ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe. Iyalin Moreton suka fara shi wajen 1504, suka yi ta ƙari har kusan shekara ɗari. Da ɗanyen itacen oak aka ɗaure shi. A fafe rami a jikin wannan katako, a fiƙe bakin wancan ya shige, a buga turken itace ya riƙe su. Tsakanin katakan kuma saƙar tsumagu ce aka yaɓe da laka. Ɗanyen itace yana murɗewa idan yana bushewa, amma haɗin yakan bi shi, ba ya tsagewa. Masu wannan aiki gwanaye ne, kar ka raina su. Ɗayansu, Richard Dale, har sunansa ya sassaƙa a saman tagogin tsakar gida a 1559, ya ce da ikon Allah ya yi su.

Matsalar daga sama ta zo. Dubi benen can na ƙarshe, mai tagogi jere. Dogon zaure ne, tsawonsa ƙafa 68, aka ɗora shi kan ɓangaren ƙofar shiga, aka rufe shi da falalen dutse masu nauyin gaske. Ginshiƙansa ba su sauka daidai kan na ƙasa ba. Nauyi kuwa hanya yake nema zuwa ƙasa, in bai samu ginshiƙi ba sai ya danne abin da ya tarar. Rufin ya tura bango waje, daɓen ya lotsa, yana hawa yana sauka kamar kunyar gona. Shi ya sa kullum nake hana ka kafa ƙusa kafin ka duba abin da ke ƙarƙashi.

Batun miƙarwa kuma, katakon da ya shekara ɗari huɗu a lanƙwashe in ka matsa masa karyewa zai yi. Doka ma ba ta yarda ba, don gidan yana aji na ɗaya cikin gine-ginen tarihi da aka kare a Ingila, ba a sauya masa komai sai da izinin hukuma. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ratsa sandunan ƙarfe daga bango zuwa bango don kada zauren ya buɗe. Tun 1938 yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, su ma tallafe shi suka yi da ƙarfe ta ciki, suka bar masa karkatarsa yadda ka gan ta a hoton nan.